Mafi arha a takarda, mafi tsada a fili

Ranar buɗe takardun tayin kwangila rana ce mai kwantar wa mahukunta hankali. An tara 'yan kwangila ko wakilansu a zaure ɗaya, an yage ambulan a gaban kowa, an karanto farashi ɗaya bayan ɗaya, wanda ya fi kowa ƙasa shi ya ci. Babu mai cewa an yi son kai. Jami'in da ya sa hannu zai yi barci da minshari, domin ko gobe mai binciken kuɗi ya zo, amsarsa a shirye take: wanda ya fi arha na ba. Abin da ke damuna shi ne, adadin nan da aka karanto ba kasafai yake zama kuɗin da ake biya a ƙarshe ba, kuma kusan duk wanda ke zaune a zauren ya san da haka.

A ganina, ɗabi'ar nan ta ɗaukar babban aikin gini a ba mafi arha, sannan a jibga masa kowace irin kasada a cikin takardar yarjejeniya, yaudarar kai ce. Mai aiki, gwamnati ce ko kamfani, yana zaton ya sayar da haɗarin ya huta. Haɗarin kuwa yana nan daram, zagayawa kawai yake yi ya dawo masa, kuma idan ya dawo ba ya zuwa shi kaɗai.

A 2002 Bent Flyvbjerg, masanin manyan ayyuka, da abokan aikinsa sun bi diddigin manyan ayyukan sufuri 258 a ƙasashe daban-daban. Kusan tara cikin kowane goma sun zarce ƙiyasinsu. Layin dogo ya zarce da kusan kashi 45 cikin ɗari a matsakaici, gadoji da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa da kashi 34, tituna da kashi 20. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sun tarar cewa cikin shekaru kusan 70 da suka duba, ƙiyasin bai gyaru ba. Da kuskure ne na gaskiya, da wani lokaci an zarce, wani lokaci an gaza, kuma da an koyi darasi. Kuskuren da kullum gefe ɗaya yake faɗawa, akwai abin da ke tura shi.

Mu leƙa ɗakin mai ƙiyasi mu ga abin da ke turawar. Kamfanoni uku sun karɓi zane ɗaya, jerin awo ɗaya (takardar da ke lissafa yawan kowane aiki da za a yi), rahoton gwajin ƙasa ɗaya. Rahoton siriri ne, ramukan gwajin da aka haƙa ba su taka kara sun karya ba, kuma zanen bututun ruwa da na iska ya ci karo da katakon kankare, wato bim masu ɗaukar nauyin gini, a wurare da dama. Na farko ya ga waɗannan giɓoɓi, ya lissafa abin da za su ci, ya saka a farashinsa. Na biyu ma ya gan su sarai, amma shi kasuwa ya gani. A ce jerin awon ya nuna fasa dutse kaɗan ne, shi kuwa ya taka filin da ƙafarsa ya ga dutse shimfiɗe ko'ina. Sai ya sa wa kowace mitar fasa dutse kuɗi mai tsoka, ya karya farashin fenti da tayil da ƙofofi, jimillarsa ta sauko ƙasa da ta kowa. Ranar da katafila ta fara haƙa, dutsen ya ninka abin da aka rubuta sau goma, kuma yarjejeniya ta ce a biya gwargwadon awo. Haka nan zai loda riba a kan aikin farko, share fili da haƙan harsashi, ta yadda kafin gini ya kai linta ya riga ya kwashe abin da ya zo nema. Daga nan ko ya zauna ko ya tafi, duk ɗaya ne a wurinsa. Sai wasiƙun neman ƙarin kuɗi su fara sauka, kowane layi da aka gyara a zane ya zama da'awa.

Na uku shi ne abin tausayi, kuma shi ya fi haɗari. Ko dai ya yi kuskuren lissafi, ko kuma yana cikin matsi, ya karɓi aiki ba riba don kuɗin kafin alƙalami ya toshe ramin da aikin baya ya bar masa. A gasar da farashi kaɗai ke yanke hukunci, mai gaskiyar nan na farko shi ke komawa gida hannu rabbana. Tsarin da kansa yake tace masu wayo da masu kuskure ya miƙa musu aiki.

Wanda ke son ganin ƙarshen wannan hanya ya dubi Carillion, kamfanin gini na biyu mafi girma a Birtaniya, wanda ya durƙushe a Janairun 2018. Ya faɗi da bashi kusan fam biliyan 7 a kansa, kuɗin da ke hannunsa kuwa fam miliyan 29. Ya saba jan ƙananan 'yan kwangilarsa har kwana 120 kafin ya biya su, wato da kuɗin masu haɗa lantarki da masu walda yake juya kasuwancinsa. Akwai manyan asibitoci biyu a hannunsa, ɗaya a Liverpool, ɗaya kusa da Birmingham, dukansu a ƙarƙashin tsarin da aka ce 'yan kasuwa ne za su kawo kuɗi su ɗauki kasada. A takarda, gwamnati ta tsira daga kowane haɗari. Da kamfanin ya faɗi, aiki ya tsaya cak, baitulmali ne ya buɗe aljihu. Asibitin Liverpool da aka sa ran buɗewa a 2017 sai a 2022 ya karɓi marasa lafiya, bayan an gano tsagewa a wasu katakon kankarensa an gyara. Ɗayan kuwa sai 2024. Shekarun nan da aka yi ana jinyar mutane a tsofaffin gine-gine, babu sakin layin yarjejeniyar da ya biya su. Mai aiki zai iya cin tarar ɗan kwangila, zai iya kai shi kotu, amma shi ke buƙatar asibitin, kuma wannan buƙata ba ta sayuwa ga kowa.

Masana suna yawan muhawara a kan wace hanyar ba da aiki ta fi. Akwai ta gargajiya, inda mai aiki zai ɗauki mai zane ya gama zanensa, sannan a nemi magini. Akwai wadda kamfani ɗaya zai zana kuma ya gina. Akwai ta miƙa makulli, inda za ka faɗi abin da kake so, a yi jinga a kan kuɗi guda, ka dawo ka karɓi ginanne. Akwai wadda ake ɗaukar manaja ya rarraba aikin kashi-kashi. Ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara ta duniya, FIDIC, ta ba wa samfuran yarjejeniyarta launuka: ja ga aikin da mai shi ya zana, rawaya ga wanda ɗan kwangila zai zana ya gina, ruwan azurfa ga na miƙa makulli. Ban ga ɗaya a cikinsu da zan kira mafi kyau ba, domin duk amsa ce ga tambaya ɗaya: abin da ba mu sani ba tukuna, wa zai ɗauke shi? Ita FIDIC da bakinta ta yi gargaɗi cewa kada a yi amfani da na azurfar idan masu tayi ba su da isasshen lokaci ko bayani na tantance abin da ake nema, ko kuma idan aikin yana da haƙa mai yawa a ƙarƙashin ƙasa inda ba za a iya dubawa ba. Duk da haka, a irin waɗannan ayyuka ne masu aiki suka fi kwaɗayinsa, saboda yana ba su adadi ɗaya tak da za su nuna wa banki ko majalisa. Ɗan kwangila mai hankali zai ninka farashi don ya kare kansa daga abin da bai gani ba, ka biya kuɗin haɗarin ko bai auku ba. Marar hankali zai karɓa a arha, ku haɗu a gaban mai sasanci.

Haɗa zane da gini a hannu ɗaya yana da alfanu na gaske. Aiki yana sauri, kuma idan ruwa ya zubo daga rufi ka san ƙofar da za ka buga, ba a tsaya magini na nuna mai zane, mai zane na nuna magini ba. Amma a wannan tsari mai zane ya koma ɗan aikin magini, ba idon mai gini ba ne kuma. Duk kwabon da aka rage a kayan aiki riba ce ga wanda ke biyansa albashi. Idan mai aiki bai rubuta buƙatunsa dalla-dalla ba, kuma ba shi da nasa gwanin da zai duba, abin da zai samu shi ne mafi ƙarancin abin da takarda ta yarda da shi.

Benen Grenfell da ke Landan ya nuna iyakar munin da abin zai iya kaiwa. An yi wa benen kwaskwarima a ƙarƙashin irin wannan kwangila. Tayin da ya ci shi ne mafi arha, amma duk da haka ya haura kuɗin da aka ware, sai aka shiga neman inda za a rage. Cikin abin da aka canja har da rufin bangon waje: aka bar na zinki aka koma na alminiyam mai roba a tsakiya, don tsimin abin da bai kai fam dubu 300 ba. Ran 14 ga Yunin 2017 wuta ta tashi a gida ɗaya, ta bi wannan rufi ta lashe benen, mutum 72 suka rasu. Rahoton ƙarshe na kwamitin bincike, wanda ya fito a Satumbar 2024, ya ɗora babban laifi a kan kamfanonin da suka yi ha'inci wajen gwajin kayansu da tallarsu. Amma ya kuma nuna cewa mai zane, da babban ɗan kwangila, da wanda aka ba aikin rufin, kowannensu ya ɗauka wani ne ke kula da batun kariya daga gobara. An yi ta miƙa alhaki daga hannu zuwa hannu har ya faɗi ƙasa babu wanda ya lura. Duk lokacin da na ji an ce tsarin kwangila harka ce ta lauyoyi da akantoci, mutanen da suka kwana a benen nan nake tunawa.

Ɗaya ƙafar matsalar ita ce gaggawa. Gidan wasan opera na Sidni, a Ostireliya, an fara haƙa harsashinsa a 1959 alhali ba a san yadda za a gina rufin nan nasa mai ban mamaki ba, domin gwamnatin jihar tana tsoron ra'ayin jama'a ko kuɗi su juya kafin a fara. Daga baya aka ga ginshiƙan da aka kafa ba za su ɗauki rufin ba, aka sake su. An yi ƙiyasin dalar Ostireliya miliyan 7 da gamawa a 1963, aka ƙare a 1973 a kan miliyan 102, mai zanen Jørn Utzon kuwa ya ajiye aikin tun 1966. Ginin ya zama abin alfaharin duniya, shi ya sa ake yafe masa. Sabon filin jirgin saman Balin, babban birnin Jamus, bai samu wannan rangwame ba. A 2007 aka soke gasar neman babban ɗan kwangila saboda an ga farashin da aka kawo ya yi yawa, aka rarraba aikin kashi-kashi da niyyar tsimi. Ma'anar haka ita ce kamfanin filin jirgin ya ɗauki nauyin haɗa kan dukkan masu aikin da kansa, ba tare da yana da ƙwarewar yin hakan ba, ga kuma sauye-sauyen zane ana tsakiyar gini. Saura 'yan makonni a buɗe a 2012 aka fasa, saboda na'urorin kariya daga gobara ba su aiki yadda ya kamata. Sai ƙarshen Oktoban 2020 aka buɗe shi, kuɗin kuma ya ninka kusan sau uku. Farashin da aka ƙi a 2007 saboda tsada, wataƙila shi ne maganar gaskiya ta farko da aka gaya wa masu aikin.

Akwai wanda ya bi wata hanya dabam. Lokacin da kamfanin BAA, mai filin jirgin Heathrow na Landan a wancan lokaci, zai gina tasha ta biyar a filin, ya fara nazarin manyan ayyukan da suka gabata, ya yanke cewa idan ya bi hanyar da aka saba, makara da zarce kasafi tabbas ne. Sai ya ce wa 'yan kwangilarsa: haɗarin nawa ne, ni zan riƙe shi. Ku buɗe littattafanku, zan biya ainihin abin da kuka kashe tare da ribar da muka amince, idan aka yi tsimi a raba. Ya zaunar da masu zane da magina a tawaga ɗaya. Har wani sashe na rufin aka kafa a wani wuri dabam don gwaji, aka gano matsalolin haɗa shi tun kafin a zo fili. Injiniyan da ya hango matsala a irin wannan tsari ba shi da dalilin ɓoye ta ya jira ta nuna ya kai wa lauya, gara ya faɗa da wuri. An buɗe tashar a Maris ɗin 2008, a kan lokaci, cikin kasafin fam biliyan 4.3. Gaskiya ne makon farko ya zo da ruɗanin jakunkunan matafiya da soke ɗaruruwan jirage, abin da ya nuna gama gini daban, shirya masu amfani da shi daban. Amma ginin kansa ya cika alƙawari.

Na san abin da za a ce mini, kuma magana ce mai nauyi. Za a ce dokar mafi arha katanga ce tsakanin dukiyar jama'a da ɓarayi. Da zarar ka ba jami'i damar cewa wannan ya fi inganci ko da ya fi tsada, ka buɗe masa ƙofar ba surukinsa aiki. Kuma biyan ɗan kwangila duk abin da ya kashe, a hannun mai aiki marar ido, lasisin wawura ne. Na yarda da rabin wannan magana. A aikin da aka san kansa da gindinsa, kamar sake shimfiɗa kwalta ko gina ajujuwa a kan zanen da aka maimaita sau ɗari, a tantance ƙwararru sannan a ba mafi arha a cikinsu, babu laifi ko kaɗan. Tsarin Heathrow kuwa ba na kowa ba ne, sai mai aikin da ke da mutanen da za su iya karanta littafin ɗan kwangila su gane ƙarya.

Inda na rabu da masu wannan ra'ayi shi ne zaton cewa katangar tana tsare wani abu. A Holan, binciken majalisa na 2002 ya tono yadda kamfanonin gini da yawa suka daɗe suna zama kafin ranar tayi su raba ayyuka, su tsara wanda zai zo da mafi arha, har da ajiye littafin sirri na wanda ke bin wani. Kwamitin bincike na Charbonneau a lardin Quebec na Kanada, tsakanin 2011 da 2015, ya tarar da irin wannan haɗin baki. Duk an buɗe ambulan a gaban jama'a, duk an ba mafi arha. Ban da haka ma, ɓarna mafi girma ba a ranar buɗe tayi ake yin ta ba, lokacin da idon kowa ke kai. Bayan an sa hannu ake yi, a cikin takardun ƙarin aiki, da ƙarin wa'adi, da sa hannu a kan awon da ba a auna ba, lokacin da 'yan jarida sun watse.

Saboda haka maganin son kai haske ne. A bayyana ma'aunin zaɓe da makin kowane sashe tun kafin a karɓi tayi. A duba ƙwarewa da tsarin aiki a ba su maki alhali ambulan ɗin farashi na rufe. A wallafa makin da dalilinsa, wanda ya faɗi ya samu inda zai kai ƙara cikin gaggawa. Tayin da ya yi arhar da ta wuce hankali a sa mai shi ya yi bayani, kamar yadda dokar sayayya ta Tarayyar Turai ta 2014 ta wajabta, idan bayanin bai gamsar ba a ajiye shi gefe. Bankin Duniya ma daga 2023 ya wajabta ba wa inganci maki a yawancin manyan gasar ayyukan da yake ba da rance a kansu. Amurka kuwa tun 1972 ta yi dokar da ta ce gwamnatin tarayya ta zaɓi masu zane da injiniyoyi bisa cancanta, sannan a yi cinikin lada da wanda ya fi. Hikimar a fili take: ladan zane ɗan kaɗan ne a cikin kuɗin gini, amma shi ke yanke makomar sauran. Sama da duka, a riƙa wallafa kowane canji da aka yi wa kwangila bayan sa hannu, da kuɗinsa, da sunan wanda ya amince.

Sai a waiwayi na ƙasa. Yawancin aikin hannu ba babban kamfani ke yin sa ba, ƙananan 'yan kwangila ne, kuma duk matsin da aka yi a sama a kansu yake sauka. Wanda aka riƙe wa kuɗi wata huɗu, ko ya rage ma'aikata ko ya rage kaya. Bayan rahoton Michael Latham na 1994 kan matsalolin harkar gini, Birtaniya ta yi doka a 1996 wadda ta haramta sharaɗin nan na "sai an biya ni zan biya ka" in ban da inda mai biyan ya karye, ta kuma ba kowane ɓangare damar kai saɓani gaban mai yanke hukunci da zai ba da amsa cikin kwana 28 ana ci gaba da aiki. Ƙasashe da dama sun kwaikwayi wannan. Faɗuwar Carillion ta nuna ko hakan bai isa ba, shi ya sa nake goyon bayan asusun banki na musamman ga kowane aiki, inda kuɗin ƙaramin ɗan kwangila zai tafi hannunsa kai tsaye ba tare da ya kwana a aljihun babba ba.

Duk waɗannan ba za su yi aiki ba idan mai aiki fanko ne. Hukumomi da yawa sun sallami injiniyoyinsu da sunan tsimi, suka koma hayar masu ba da shawara hatta don su gaya musu abin da suke so. Wanda bai iya karanta zane ba, ba zai iya ba inganci maki ba, ba zai iya ƙin da'awar ƙarya ba, dole ya fake a bayan mafi arha. Ina so kowace hukumar da ke ba da manyan ayyuka ta riƙe ƙwararrunta na dindindin, ta biya su abin da zai hana kamfanoni kwashe su. Kuma doka ta sa ba za a fitar da tallar kwangila ba sai babban injiniyan hukumar ya sa hannu da sunansa cewa an mallaki filin, an gwada ƙasa yadda ya kamata, zane ya kai matakin da irin kwangilar da aka zaɓa ke buƙata, kuɗin kuma yana nan. Idan minista yana gaggawar aza harsashi kafin zaɓe, yana da ikon tsallake injiniyan, amma ya yi hakan a rubuce, a wallafa takardar tare da tallar.